Boko: Aro Daga Turanci, Ko Tamu Ce?

Kusan duk wanda ka tambaya a Sakkwato daga ina kalmar boko ta fito, zai ce maka daga Turanci aka aro ta, wato "book", littafi. Haka wasu malamai ke faɗa a aji, haka kuma jaridun ƙasashen waje suka yi ta bugawa tun rikicin Maiduguri na 2009. Bayanin yana da daɗin ji, amma idan aka tona ba ya tsayawa.

Hujja ta farko tana bakin Bahaushe. Idan ya ari kalmar Turanci mai irin wannan sauti, wasalin "u" yake sa mata. Mai dafa wa Bature abinci ya zama kuku, daga "cook". Da littafin Bature muka aro, buku za mu ce. Kuma me zai kai mu aro, alhali muna da littafi daga Larabci tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan? Ita "book" tarihinta daban: masana da yawa suna danganta ta da sunan wata bishiya ta Turai da ake zana rubutu a jikin itacenta.

Hujja ta biyu tana cikin tsohuwar Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo boko da ma'anar algus da yaudara, abin da aka shirya don a rufe wa mutane ido. A bikin da, akan yi wa wata yarinya ado a ɗora ta a kan doki, jama'a su bi ta da guɗa da kiɗa, ita kuwa amaryar gaskiya an lallaɓa da ita ɗakin miji ta wata hanya. Waccan ta kan doki ita ce amaryar boko. Har gobe muna cewa biri-boko idan abu ya zama holoƙo. A kan irin waɗannan hujjoji Farfesa Paul Newman ya tsaya a 2013, ya nuna kalmar ta Hausa ce tsantsa.

To me ya haɗa ta da makaranta? Amsar tana tarihin birnin nan. Ranar 15 ga Maris, 1903, Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi. Garin da ya gaji littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, garin da Nana Asma'u ta aika malamai mata da ake kira jaji suna karantar da mata a ƙauyuka, shi aka kawo wa sabon rubutu mai farawa daga hagu. Malaman zaure suka dube shi, suka auna shi da allo da ajami, suka yanke hukunci da kalma ɗaya: wannan karatun boko ne. Har yau ana ba da labarin masu sarauta da suka riƙa tura 'ya'yan barori makarantar Bature, su ɓoye nasu.

Lokaci ya wanke kalmar. Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, inda Shehu Shagari ma ya riƙe alli daga baya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da haruffan boko. A 1975 aka kafa jami'a a Sakkwato, wadda yau ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu.

Ina roƙon malaman Hausa su koya wa yara asalin kalmar daidai, domin akwai ma'auni a cikinta. Iyayenmu ba ilimi suka ƙi ba, jabu suka ji tsoro. Makarantar da malami ba ya shiga aji, da takardar shaidar da mai ita ba ya iya rubuta wasiƙa, su ne boko a ma'anarsa ta farko. Hakkinmu ne mu kau da su, domin yaron da iyayensa suka miƙa wa makaranta ya fito da ilimi na gaskiya.