Auna zafin iska da jirgi mara matuƙi

Auna zafin iska da jirgi mara matuƙi wata hanya ce ta binciken yanayi, inda ake ɗaura ƙananan na'urorin auna zafi, laima da matsin iska a jikin ƙaramin jirgi, a tashe shi sama yana ɗaukar awo mataki-mataki. An fi amfani da ita a sashen iska mafi kusa da doron ƙasa, daga ƴan mitoci zuwa kilomita 1 ko 2, inda hazo, hayaƙi da sanyin asuba suke taruwa.

Sashen iska na ƙasa

Rana ƙasa take fara gasawa, ƙasar kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Shi ya sa a al'ada zafi ke raguwa idan ana hawa sama, kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace kilomita. Da rana iska mai ɗumi tana tashi tana cakuɗuwa, kaurin wannan sashe ya kai kilomita 1 zuwa 2, a yankin Sahara ma yakan kai kilomita 4 ko fiye. Da dare ƙasa tana hucewa da sauri, sai iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi. Wannan shi ake kira juyewar zafi. Iska mai ɗumi takan zauna a sama kamar murfi, ta hana hayaƙi da ƙura tashi har sai rana ta ɗaga.

Giɓin da jirgin yake cikewa

Tashoshin yanayi suna auna zafi a cikin farin akwati mai ramuka, a tsayin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa. Awon sama kuwa da balan-balan ake yin sa, mai ɗauke da na'urar rediyosonde, wadda Robert Bureau ya fara harbawa a Faransa a 1929. Ana sakin balan-balan sau biyu a rana, daidai da ƙarfe 1 na dare da 1 na rana agogon Najeriya. Yakan kai kilomita 30, amma cikin ƴan mintuna yake ƙetare sashen ƙasa, iska ta tafi da shi, kuma da wuya a sake samun na'urar. Tashoshin da ke sakin sa a Afirka kaɗan ne. Tauraron ɗan'adam kuma ba ya iya bambance ƙananan sauye-sauyen da ke kusa da ƙasa. Jirgi mara matuƙi yana hawa ya sauko a wuri ɗaya sau da yawa a yini, ya dawo da na'urorinsa.

Yadda ake awon

Jiragen iri biyu ne: masu farfela huɗu ko shida da ke tashi tsaye, da masu fukafukai da ke hawa suna kewaye. Na'urar GPS da ta matsin iska suna nuna tsayin da aka ɗauki kowane awo. Babbar matsala ita ce inda za a ɗaura na'urar zafin, domin hasken rana, injin jirgi da batir duk suna iya ƙara mata zafin da ba na iska ba. Don haka ake rufe ta da abin kariya, a sanya ta inda farfela ko ƙaramar fanka ke jawo mata iska. Akan tashi a hankali don na'urar ta samu lokacin daidaitawa, kafin tashi kuma a gwada ta da ta tashar ƙasa. Batirin masu farfela yawanci bai fi rabin awa ba.

Misalai

Jami'ar Bergen ta Norway ta ƙera SUMO, Jami'ar Oklahoma ta Amurka ta ƙera CopterSonde, kamfanin Meteomatics na Suwizalan kuma yana ƙera Meteodrone. A Afirka ta Yamma, shirin bincike na DACCIWA ya yi aikin fili a watannin Yuni da Yuli na 2016 a Savè ta Jamhuriyar Benin, Kumasi ta Gana da Ile-Ife ta Najeriya. A Savè an tashi da jiragen ALADINA na Jamus da OVLI-TA na Faransa don nazarin iskar ƙasa lokacin damina. A 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta gudanar da gwaji a ƙasashe da dama kan amfani da irin wannan awo wajen hasashen yanayi.

Alaƙa da yanayin Zariya

Zariya tana da daɗaɗɗen tarihin awon yanayi daga ƙasa. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana rubuta ruwan sama da zafi. Akwai kuma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da aka kafa a 1964, inda ɗalibai ke koyon tuƙi, aikin da ya dogara da rahoton yanayi. Duka biyun a wajen ganuwa suke, kuma awon tasha na kusa da ƙasa ne.

Juyewar zafi ta fi bayyana da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ke kawo ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Da asuba zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, hayaƙin itacen girki da na jin ɗumi ya kwanta a kan unguwannin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan. Cikin birni gidaje a cunkushe suke, gine-gine suna riƙe zafin rana, yayin da iska mai sanyi ke gangarawa fadamun Kubanni da Galma. Awo daga sama shi ne ke nuna tsayin murfin da lokacin da yake wargajewa. Wannan bayani yana da amfani ga matuƙan jirgi, manoman rani, da masu fama da asma.

Doka da ƙalubale

A 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta hana tashi da jirgi mara matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. A ƙasashe da yawa iyakar tsayi ƙafa 400 ce, kusan mita 120, wadda ba ta kai kaurin sashen iskar rana ba, sai an nemi izini na musamman. A gari mai filin jirgi da barikokin soja kamar Zariya, dole a daidaita da masu kula da zirga-zirgar jirage. Tashi a kan gidajen da ba a rufe tsakar gidansu ba kuma yana taɓa sirrin iyali. Ƙurar hunturu tana shiga injin, tana kuma ɓoye jirgin daga idon mai sarrafa shi.