Teburin Aiki a Tsaye Ya Girmi Kwamfuta

Masu tallar teburin aiki a tsaye suna yi kamar jiya aka ƙirƙiro shi, alhali ya daɗe a duniya. A ƙarni na 19, akawun bankuna da kamfanonin fatauci a Landan a kan dogayen tebura masu gangare suke cike manyan littattafan lissafi, in ƙafa ta gaji su hau doguwar kujera. Tsohon firaministan Birtaniya Churchill yana da irinsa a gidansa na Chartwell. Marubuci Hemingway kuwa, a Kuba, kan kantar littattafai yake ɗora tafiretarsa, ya yi rubutu a tsaye.

Abin da ya fi jan hankalina game da zama da tsayuwa a wurin aiki shi ne binciken likita Jeremy Morris na 1953. Ya duba ma'aikatan bas mai hawa biyu a Landan: direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A lura fa, kwandastan motsi yake yi, ba ƙamewa wuri ɗaya ba. Tun 1700 likitan Italiya Ramazzini ya rubuta cewa doguwar tsayuwa na kumbura jijiyoyin ƙafa, kuma duk mai tsaron kanti zai shaida haka.