Waiwaye: Waƙar Bankwanar da Ta Ƙi Tsufa

A 1967 ne mawaƙi Porter Wagoner ya ɗauko Dolly Parton, 'yar talakawa daga tsaunukan Tennessee, ya sa ta a shirinsa na talabijin a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri a Amurka. Shi ya fito da ita duniya ta san ta. Da tafiya ta yi nisa, Dolly ta so ta ci gashin kanta, maigidan kuwa ya toshe kunne. Da magana ta gagara, sai ta koma gida ta rubuta waƙar "I Will Always Love You" (wato "Zan so ka har abada") a 1973, ta shiga ofishinsa ta rera masa. Ta sha faɗin cewa hawaye ya zubo masa, ya amince ta tafi.

Jama'a suka karɓe ta a matsayin waƙar masoyan da suka rabu. Ba gori a cikinta, ba habaici, sai godiya da fatan alheri. A 1974 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard. Dolly ta sake rera ta a wani fim a 1982, ta kuma koma saman jerin.

Elvis Presley ma ya yi sha'awar waƙar, amma manajansa, Kanar Tom Parker, ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakarta. Dolly ta kwana tana kuka, amma ta ƙi.

Mahaƙurci mawadaci. A 1992 Whitney Houston ta rera ta a fim ɗin The Bodyguard. Ta fara da muryarta zalla, ba kiɗa, can kuma ta ɗaga ta har tsigar jiki ta tashi. Waƙar ta yi mako 14 a saman babban jerin Billboard, ta ci kyautar Grammy a 1994, kuɗin marubuciya kuwa suka shiga hannun Dolly.

Tsakaninta da Porter sai da aka je kotu a 1979, daga baya suka shirya. A 2007, a dandalin Grand Ole Opry, ta tsaya gabansa ta sake rera masa ita, yana zaune, tsufa ya kama shi. Bayan 'yan watanni ya rasu. Alkawarin da ta ɗauka ran rabuwa, ta cika shi bayan shekara talatin da huɗu.