Kaza da Ƴaƴanta, daga gonar gero zuwa farantin hoto

Tun kafin kalandar takarda ta iso Matankari da sauran garuruwan Dallol Mawri, manomin gero yana da abin lissafinsa a sama. Tarin taurarin nan da Bahaushe ke kira Kaza da Ƴaƴanta, malamai kuma su ce Surayya, yakan hau kusan tsakar ka a daren hunturu, ya yi ta gangarawa yamma har ya ɓace cikin hasken rana wajen watan Mayu, sannan ya sake ɓullowa gabas da asuba a watan Yuni, daidai lokacin da ƙasar Arewa ke jiran ruwan shuka. Malaman hisabi ma sun lissafa shi cikin masaukan wata 28. A ganina, abin da aka sani game da Kazar nan, a Arewa da Turai duka, kaso mai tsoka ya fito ne daga mutanen da ba a biyansu don su kalli sama.

Ido tsirara yakan ga taurari shida ko bakwai. Galileo ya zana 36 a 1610. Amma gajimaren da ya lulluɓe su, Wilhelm Tempel ne ya fara hango shi a 1859 daga Benis, alhali sana'arsa zane ne na ɗab'i, kuma masana da dama suka yi shakkar maganarsa. Hoto ne ya raba gardama. A 1886 Isaac Roberts, ɗan kwangilar gini a kusa da Libaful ta Ingila, ya bar farantin gilashi yana shan hasken Kazar na tsawon sa'o'i, sai ga gajimaren ya fito sarari. Yau an san taurarin sun haura dubu, shekarunsu wajen miliyan 100 (jarirai ke nan, tunda rana ta kai biliyan 4.6), kuma haskensu yakan yi tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso mu. Gajimaren ƙura ce da suke ratsawa, tana maido da haskensu shuɗi.

Wani zai ce kallon manomi ba ilimi ba ne, tunda bai auna nisa ba, kuma ɓullowar Kaza ba ta hana ruwa makara. Gaskiya ne tauraro ba ya kawo ruwa, shi ya sa manomi ba ya shuka sai ƙasa ta jiƙu. Amma wanda ya lura cewa wani tari yana dawowa a lokaci guda kowace shekara, alhali watannin Musulunci suna ja baya da kwana 11, ya riga ya bambance shekarar rana da ta wata, kuma da maimaita kallo ya kai ga haka, hanyar da Roberts ma ya bi. Ga mai cewa hoton sama harkar masu kuɗi ce, kyamara da ƙafar ɗora ta sun isa kama Kazar yanzu. Abin da ke wahalar samu a Turai shi ne duhu, wanda karkarar Dogondutsi da Tibiri ke da shi, muddin ƙurar hunturu ta lafa.