Gishiri da Zinariya

Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Abdullahi Burja, watau daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Ba a daɗe ba kuma, a zamanin Sarki Yakubu, gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa. Daga baya fataken Gwanja suka riƙa zuwa da goro da 'yar zinariyar Asante, Azbinawa kuwa su zo da kantu daga Bilma, su koma da turkuɗin da aka rina a Kura. Gishiri da zinariya suka zauna kasuwa ɗaya, wannan a kan raƙumi, waccan a ƙulle cikin tsumma, ana auna ta da miskali. Amma akwai wata tsohuwar hulɗa tsakaninsu wadda ta girmi ciniki, ita ce tun fil azal da gishiri ake tace zinariya.

Zinariya ba ta fitowa daga ƙasa tsantsa, kusan kullum a gauraye take da azurfa. Wuta kaɗai ba ta raba su, ko da an kwana ana zuga, domin tare suke narkewa, tare suke daskarewa. A birnin Sardis, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, zamanin Sarki Kirosus, wajen shekara 550 kafin haihuwar Annabi Isa, maƙera sun riga sun san maganin wannan. Sai su buge zinariya ta yi fale-fale kamar ganye, su jera ta cikin tukunya, su yi ta bi da gishiri da garin tubali, sa'an nan su rufe, su hura wuta daidai yadda ba za ta narke ba. Da zafi ya kama, sai wani abu ya fita daga gishirin ya cinye azurfa, garin tubali ya shanye ta, zinariya ta saura ita kaɗai. Masu tonon kufai sun gano maƙerar nan cikin 1968, har da fasassun tukwanenta.

Maƙeran nan sun yi aiki da abin, amma ba su san sunansa ba. Sai cikin 1774 wani masani a ƙasar Suwidin, wai shi Scheele, ya fitar da shi, wata iska ce ɗorawa-ɗorawa mai shaƙe maƙogwaro, wadda aka sa wa suna kulorin. Cikin 1867 Miller, ma'aikacin gidan buga kuɗi na Sidni a Ostareliya, ya fito da dabarar busa iskar nan cikin narkakkiyar zinariya. Cikin 1874 kuma Wohlwill, a Hambug ta Jamus, ya tace ta da wutar lantarki, har datti bai wuce kashi 1 cikin 10,000 ba.

Daga nan dabarar masu tace zinariya a gida don sha'awa ta samo asali, ko da yake Wohlwill ba da ruwan gishiri ya yi nasa ba. Su dai sukan jiƙa gishiri, su tsoma tarkacen zinariya da na tsofaffin na'urori, su sa lantarki. Wutar ta fasa gishirin, kulorin ya fito, ya narkar da zinariya cikin ruwa, daga baya a kwantar da ita kamar laka. Abin mamaki, in azurfa ta yi yawa sai ta yi ɓawo ta rufe tarkacen, aiki ya tsaya cik. Ɓawon nan kuwa shi ne ainihin abin da garin tubalin Sardis ke shanyewa. Mutanen dā sun yi wa azurfa wurin zuwa, mai aikin ɗaki bai yi mata ba.

To, ba nan wahalar ta tsaya ba. Iskar nan ita ce Jamus suka saka wa abokan gaba a fagen yaƙi cikin 1915, a ɗaki rufaffe kuwa kaɗan ta isa ta lalata huhu. Ruwan da ya saura kuma yana ɗauke da tagulla, wani lokaci har da dalma. Ƙasar Hausa ta san dalma: cikin 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida.

Kura da Bunkure kuwa, tun da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, ruwa ɗaya ke ratsa gonakinsu. Abin da aka zuba a magudanar bisa, shi manomin ƙasa zai buɗe wa shinkafarsa da tumatirinsa, nan mata ke wanki, nan Fulani ke shayar da shanu. Gishiri zalla ma yakan kashe gonar rani in ya taru, balle wanda ya jiƙa da tagulla.