Shinji Mikami da rowar harsashi

Ranar da karnukan wasan Resident Evil suka fasa taga suka diro cikin lungu, wurgi na yi da abin wasan. Aikin Shinji Mikami ke nan, mutumin Japan da ya shiga kamfanin Capcom a 1990, ya fara da wasannin yara irin su Aladdin. A 1996 ya fito da Resident Evil. Ni a ganina rowa ce makaminsa: harsashi kaɗan, kuma ba ka adana wasa sai ka tsinci tawadar tafireta. Ƙofar cikin wasan mai buɗewa sannu-sannu kuwa, jinkirin PlayStation take rufa wa asiri, kai kana zaune gabanka na faɗuwa. A 2005, cikin Resident Evil 4, ya mayar da kyamara bayan kafaɗar jarumi, wasan Dead Space ma ya bi sawu.