Tsohuwar Marsandina da Abin da Ta Tuna Mini

Jama'a, ni dai tsohuwar Marsandi 190 nake hawa, ƙirar da Jamusawa suka daina yi tun 1993. Da ita nake zirga-zirga tsakanin ofis a Kano da gonar shinkafata a Kura. Makon jiya famfon manta ya mutu, sai da na yi kwana biyu ina yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin na samu na gwanjo.

Wannan wahalar ce ta sa ni waiwaye. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, wadda ruwanta ke raya Kura, Kadawa da Bunkure. A 1975 Volkswagen ya fara haɗa motoci a Legas, a 1980 kuma aka ƙaddamar da ANAMMCO don haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Lokacin nan ma'aikaci irina bashin mota yake karɓa ya sayi sabuwa dal. Da SAP ta zo a 1986, Naira ta faɗi, masana'antun suka durƙushe, muka koma sayen 'yan Kwatano.

Ruwan Tiga har yau yana gudu, ana noma. Amma kayan gonar a tsofaffin Golf muke kai su kasuwa, bakanike na ta lallaɓawa. Yaushe za mu sake haɗa tamu? Allah ya kyauta.